Kisan Ƙarya a Cikin Tarago: Yadda Wasan Kwaikwayo Ke Riƙe da Ƙananan Layukan Dogo a Amurka

A birnin Fort Myers da ke kudu maso yammacin jihar Florida akwai wata 'yar tasha da ake kira Colonial Station. Idan la'asar ta yi sanyi za ka ga mutane suna ta fitowa daga motoci, dattawa da matasa, wasu miji da mata, wasu abokan aiki, kowa ya ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure. Babu mai akwati, babu mai ƙunshin tsaraba, domin ba wani gari za su je ba. Jirgin zai kwashe su, ya yi tafiyar mil 20 ko kusa da haka, ya juyo ya sauke su a inda ya ɗauke su bayan kimanin awa uku da rabi. Tsakanin tashi da dawowa za a kawo musu abinci kashi biyar, ɗaya bayan ɗaya, kuma za a kashe mutum a gabansu.

Kisan na ƙarya ne. 'Yan wasan kwaikwayo ne ke yawo cikin taragai suna faɗa da juna, suna zargin juna, har ɗaya daga cikinsu ya faɗi. Aikin fasinja shi ne ya kasa kunne, ya sa ido, ya rubuta abin da ya lura da shi a takardar da aka ajiye masa kusa da faranti, sannan kafin a iso tasha ya faɗi wanda ya yi kisan da dalilinsa. Wanda ya fi kowa dacewa a taragonsa a ba shi 'yar kyauta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan lamari shi ne mai jirgin. Kamfanin Seminole Gulf Railway sana'arsa dakon kaya ce: kayan gini, ƙarfe, iskar gas, robobi da makamantansu. An kafa shi a 1987, ya fara jirgin cin abinci da wasan kisa a 1991, kuma har yau yana yi. Me zai kai kamfanin da ya saba da katako da ƙarfe ga ɗaukar masu dafa abinci da 'yan wasa? Amsar tana cikin tarihin layin dogon Amurka, kuma sai an ɗan koma baya kafin a gan ta.

A 1916 tsawon layin dogo a Amurka ya kai ƙololuwarsa, kimanin mil 254,000. Kusan kowane ƙauye mai ɗan girma yana da tasha. Daga nan mota ta shigo, jirgin sama ya biyo baya. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin mota da suka ratsa jihohi, manyan motocin dakon kaya suka samu fili, fasinjoji suka watse. A 1967 hukumar gidan waya ta janye mafi yawan wasiƙun da take aikawa ta jiragen fasinja, alhali kuɗin dakon wasiƙun nan ne ke toshe asarar jirage da dama. Kamfanoni suka shiga roƙon gwamnati ta bar su su daina ɗaukar mutane. A 1970 Penn Central, wanda ke cikin mafiya girma a ƙasar, ya durƙushe. Ranar 1 ga Mayu, 1971 aka fara Amtrak, kamfanin da gwamnati ta kafa don ya karɓi jigilar fasinja tsakanin birane, kuma tun ranar farko ya zubar da kusan rabin jiragen da ake da su.

Abin da ya sauya komai shi ne dokar Staggers ta 1980, wadda shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu. Kafin ta, kamfanin jirgi ba ya iya sauya farashi ko rabuwa da layin da ke ja masa asara sai ya sha doguwar shari'a a gaban hukuma. Dokar ta sassauta wannan. Manyan kamfanoni suka shiga haɗewa da juna, suna riƙe manyan layuka masu kawo kuɗi, suna sayar da ƙananan rassan da ke shiga lunguna. A 1980 manyan kamfanonin sun kai kusan 40, yau saura 6. Rassan da suka zubar kuwa ƙananan 'yan kasuwa suka saye, wani mil 20, wani mil 100, wani ya kai ɗaruruwa. Yau akwai irin waɗannan ƙanana da matsakaitan kamfanoni kusan 600, suna riƙe da wajen mil 50,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na layin dogon da ya rage a ƙasar.

Mai karatu ya dubi waɗannan shekaru. A 1987 Seminole Gulf ya sayi layukansa daga CSX, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan. A 1987 ɗin dai kamfanin R.J. Corman ya sayi reshen Bardstown mai mil 20 a jihar Kentucky daga CSX, shekara ta zagayo ya fara jirgin cin abinci. A 1987 kuma aka sayi layin kwarin Napa a Kalifoniya daga Southern Pacific, jirgin shaƙatawa ya fara bin sa a 1989. A jihar Michigan, kamfanin Adrian & Blissfield ya kama aiki a 1991, shi ma ya yi suna da jirgin wasan kisa. Duk 'ya'yan zamani ɗaya ne, kuma matsala ɗaya suka gada.

Matsalar ita ce layin da babban kamfani ya yanke shawarar sayarwa, ya daɗe da daina kashe masa kuɗi. Katakan da aka shimfiɗa ƙarfen a kansu sun ruɓe, tsakuwa ta nutse cikin laka, gadoji sun tsufa. A Amurka hukumar layin dogo ta tarayya tana rarraba layuka daraja-daraja bisa lafiyarsu, kowace daraja da iyakar gudun da aka yarda a yi a kanta. A daraja ta 1, jirgin kaya ba ya wuce mil 10 a awa, na fasinja mil 15, wato kilomita 24 ke nan. A daraja ta 2, kaya mil 25, fasinja mil 30. Mafi yawan ƙananan kamfanonin nan a waɗannan darajoji biyu suke. Wa zai biya kuɗi ya hau jirgin da mai keke mai ƙarfin ƙafa zai iya jerawa da shi, alhali ga mota a ƙofar gida? A matsayin abin sufuri, wannan layi ya gama yayinsa.

A nan ne dabarar take, kuma a ganina ita ce zuciyar batun gaba ɗaya. Jirgin da ke gudun mil 60 a awa ba ya barin miya ta zauna a kwano a kan irin wannan layi, kuma mil 40 na zuwa da dawowa zai cinye su cikin minti 40, kafin a gama kawo abincin farko. Amma jirgin da ke rarrafe a mil 12 ko 15 zai shafe awa uku a kan wannan tazara, daidai lokacin da ake buƙata a ci abinci a natse a kuma yi wasa mai farko da tsakiya da ƙarshe. Mai kai abinci zai iya ɗaukar tire ya bi ta tsakanin tebura ba tare da ya kife ba. Ɗan wasa zai iya tsayawa da ƙafafunsa. Wanda ke bakin taga zai ga kogi da tsuntsaye da faɗuwar rana sosai, ba wulgawa ba. Aibin layin shi ne ya zama hajar. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Su waɗannan daɗewar ce ma suke sayarwa, tunda babu inda za a je.

Akwai wani abu da ya zo musu a daidai. Bayan kafa Amtrak da raguwar jiragen fasinja a Amurka da Kanada, taragai na shekarun 1940 da 1950 sun yi yawa a kasuwa, ana sayar da su da araha, wasu ma ana yanka su a matsayin tsohon ƙarfe. Masu ƙarfi ne, masu faɗin taga. Ƙaramin kamfani zai sayi huɗu ko biyar, ya cire kujeru ya sa tebura, ya mai da ɗaya kicin. Taragan jirgin Fort Myers sunayen tsibiran yankin aka raɗa musu, irin su Sanibel da Captiva. Kan jirgin kuwa da direba da ma'aikatan layi dama akwai su don aikin kaya, wanda sau da yawa ba ya cika mako.

To, amma me ya sa kisan kai? Ai ana iya kiɗa ko waƙa ko barkwanci, kuma wasu jiragen suna yin hakan. Sai dai alaƙar jirgin ƙasa da labarin kisa tsohuwa ce, kuma daga abin da ya faru da gaske ta samo asali.

Daren 9 ga Yuli, 1864, wani dattijo ma'aikacin banki mai suna Thomas Briggs, ɗan shekara 69, ya hau jirgi daga tashar Fenchurch Street a Landan. A wancan zamani taragan Ingila ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki da ƙofarsa ta waje, babu hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan, babu yadda za ka kira ma'aikaci idan jirgi na tafiya. Da jirgin ya tsaya a Hackney, wasu fasinjoji biyu suka shiga ɗakin suka tarar da jini a kan kujera, ga jaka, ga sanda, ga wata hula, babu kowa. An tsinci Briggs a gefen layi tsakanin Bow da Hackney Wick, ya rasu washegari. An ɗauke agogonsa na zinariya da sarƙarsa. Hular da aka bari a ɗakin ba tasa ba ce. A cikin gaggawa makashin ya ɗauki hular mamacin ya bar tasa. Ta hular nan da sarƙar da aka musanya a shagon wani maƙerin zinariya aka gano wani tela Bajamushe, Franz Müller, wanda tuni ya hau jirgin ruwa mai tafiya da iska ya nufi New York. Sufeto Richard Tanner ya bi shi a jirgi mai inji, ya riga shi isa, ya zauna yana jiransa a bakin gaɓa. An dawo da Müller, aka rataye shi ranar 14 ga Nuwamba na wannan shekara.

Wannan ne kisan farko da aka yi a cikin jirgin ƙasa a Birtaniya, kuma ya girgiza jama'a ƙwarai. Wasu kamfanoni suka huda ƙananan tagogi a bangon da ke raba ɗakuna domin a riƙa hango juna. A 1868 majalisa ta yi dokar da ta tilasta samar da hanyar da fasinja zai kira ma'aikata a jiragen da ke doguwar tafiya ba tsayawa. Amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne siffar lamarin: rufaffen wuri, baƙin da ba su san juna ba, babu mai shiga babu mai fita tsakanin tasha da tasha, ga jadawali da ke nuna inda jirgin yake a kowane minti, sannan ga ƙaramin abu kamar hula da ke tona asiri. Marubutan labaran bincike suka ga cewa jirgi ya gama yi musu rabin aiki. Wanda ya fi shahara shi ne littafin Agatha Christie na 1934 kan kisa a jirgin Orient Express, kuma har yau da yawa daga cikin wasannin nan suna aro tufafi da yanayin wancan zamani.

Mataki na ƙarshe shi ne fito da mai karatu daga kujerarsa a sa shi cikin labarin. A 1981 wata mata mai suna Joy Swift ta shirya hutun ƙarshen mako a wani otal a Southport da ke Ingila, inda baƙi suka kwana tare da 'yan wasa suna binciken kisan ƙarya. Abin ya karɓu, ya tsallaka teku, gidajen abinci da otal-otal na Amurka suka ɗauka a shekarun 1980. Ya iso daidai lokacin da sababbin masu ƙananan layuka ke zaune da tsofaffin taragai suna neman abin da za su yi da su.

Ga Bahaushe wannan wasa ba baƙo ba ne a asalinsa, domin kacici-kacici ne aka sa wa riga. Dokarsa ɗaya da ta dandali: dole amsar ta kasance a cikin tambayar, wanda ya kasa kuma ya ba da gari a faɗa masa. Idan marubucin wasan ya ɓoye hujjar da ba a nuna wa fasinja ba, sannan a ƙarshe ya zaro ta daga aljihu, ya ci amanar mutane, kuma ba za su dawo ba.

Yin wasa a cikin tarago aiki ne mai wuya fiye da yadda ake zato. Babu dandamali, babu labule, babu bayan fage da ɗan wasa zai laɓe ya huta. Filin wasan shi ne 'yar siririyar hanyar da ke tsakanin tebura, wadda mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Rabin masu kallo sun ba ka baya, domin kujerun suna fuskantar juna. Ga ƙarar ƙafafun jirgi, ga cokula, ga jijjiga duk lokacin da aka hau gada. Babbar matsalar kuma ita ce jama'a sun rabu a taragai uku ko huɗu, wanda ke na farko ba ya ganin abin da ke faruwa a na ƙarshe. Saboda haka a jirage da dama ana yanka wasan gunduwa-gunduwa. 'Yan wasa su yi fitowa ta farko a wannan tarago, su wuce na gaba su maimaita ta, har su kai ƙarshe, sannan su dawo su fara ta biyu. Yayin da suke can, a nan ana kwashe kwanuka ana kawo abinci na gaba.

Ka yi tunanin wanda ke tsaye a ƙofar kicin. Gabansa farantai sun jeru da zafinsu, amma ba zai saki masu kai abinci ba sai 'yan wasa sun bar taragon, domin hanya ɗaya ce. Idan wani fasinja mai surutu ya tsare 'yar wasa da tambayoyi har aka yi jinkirin minti biyar, nama ya huce, tarago na gaba ya zauna shiru, direba kuma can a gaba yana duba agogo don ya san inda zai tsaya ya juyo. Kicin ɗin kansa bai fi faɗin soro ba, yana lilo, kuma duk abin da aka manta a tasha an manta shi ke nan. Mutum uku ne ke riƙe da wannan dare, mai girki da shugaban 'yan wasa da madugun jirgi, kuma dole numfashinsu ya zo ɗaya.

Dole kuma ɗan wasa ya faɗi hujjar daidai a kowane tarago. Idan a na biyu ya manta bai ambaci cewa ya ga marigayin da ƙarfe takwas ba, mutanen wannan tarago an zalunce su. Mafi yawan wasannin na ban dariya ne, ba a nuna jini, ba a tsorata kowa. Mamacin ma yakan kasance mugun attajiri ko mai cin amana wanda kowa a labarin ke da dalilin ƙinsa, don kada mutuwarsa ta hana kowa cin abinci.

Ta fuskar kuɗi lissafin a fili yake. Kujera ɗaya ana sayar da ita sau uku a dare ɗaya: kuɗin hawa, kuɗin abinci, kuɗin kallo, ban da abin sha da ake saye daban. Jirgin kallon daji kawai yana buƙatar hasken rana da yanayi mai kyau, kuma wanda ya hau sau ɗaya ya ga abin da zai gani. Shi kuwa wasa ana yin sa da dare, ko ana ruwa ko ana sanyi, kuma da an sauya labari sai mutumin da ya zo watanni uku da suka wuce ya sake dawowa da baƙinsa. Wannan ya sa kamfanonin da suka daɗe suke sauya wasa sau da yawa a shekara. Jirgin ya daina dogara da ɗan yawon buɗe ido kaɗai, ya samu 'yan gari masu bikin zagayowar ranar aure ko ta haihuwa.

Kada a ɗauka wai kuɗin tikiti ne ke gina gadoji. Ba na jin akwai mai gaskiya da zai ce haka. Gyaran layin dogo yana cin kuɗi masu nauyi, shi ya sa tun 2005 gwamnatin tarayya ke yi wa ƙananan kamfanoni rangwamen haraji kan abin da suka kashe a gyara, har zuwa dala 3,500 kan kowane mil. Ɗaukar mutane kuma yana jawo nasa nauyin, musamman inshora, domin tarago cike da katako idan ya kauce asara ce, tarago cike da mutane kuwa wani abu ne daban. Amma akwai amfani biyu da na ga ba a cika ambata ba. Na farko, a ƙasan daraja ta 1 akwai wani rukuni na layukan da suka lalace har hukuma ta yarda a riƙa jan kaya a kansu a hankali, amma ta haramta ɗaukar fasinja. Kamfanin da ke son ci gaba da jirgin cin abinci ba zai bar layinsa ya faɗa wannan rukuni ba, kuma kowane katako da ya sauya saboda masu cin abinci, jirgin kaya ma zai bi ta kansa. Na biyu, jirgin kaya ba shi da masoya. Mutumin gari ba ya sanin sa sai lokacin da ya tsare masa hanya a mararraba. Amma wanda ya yi bikin shekara 30 da aure a cikin tarago, ranar da aka kawo shawarar tumɓuke layin a majalisar gari, zai tashi ya yi magana.

Shawarar tumɓukewa kuwa ba ta da nisa. Tun 1983 dokar Amurka ta ba da damar mai da layin da aka daina amfani da shi hanyar keke da masu tafiya a ƙasa. Wani ɓangare na layin Seminole Gulf ɗin kansa, wanda ke zuwa garin Venice, an sayar wa ƙaramar hukumar Sarasota, a 2008 aka buɗe shi a matsayin hanyar keke mai suna Legacy Trail. Jama'a suna jin daɗinta, ban musa ba, sai dai ƙarfen da aka ɗauke da wuya ya dawo. A jihar Washington, jirgin cin abinci na Spirit of Washington ya yi shekara 15 yana tashi daga Renton, daga 1992 zuwa 2007, sai aikin faɗaɗa babbar hanyar mota ya datse layin da yake bi, wanda dama ba mallakinsa ba ne. Ya koma Tacoma, bai yi 'yan watanni ba ya rufe. A kwarin Napa kuwa mazauna yankin sun yi shekaru suna adawa da jirgin saboda tsoron cunkoso da hayaniya. Wato samun fasinja kaɗai ba ya isa. Sai kana da iko da ƙasar da ƙarfen ke kai, kuma maƙwabta sun yarda da kai.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ran mai karatu tun daga sakin layi na farko, domin ni ma yana raina. A wajenmu kalmomin nan, kisa a jirgin ƙasa, ba sa kawo hoton faranti da 'yar kyauta. Suna kawo daren Litinin 28 ga Maris, 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka buɗe wa jirgi wuta, suka kashe aƙalla mutum 8, suka shiga daji da fiye da 60. Rukunin ƙarshe na mutum 23 bai fito ba sai ranar 5 ga Oktoba, bayan fiye da wata shida. Jirgin bai dawo aiki ba sai a Disamba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Duk wanda ya yi zaman jiran waya a wancan lokaci, idan ya ji wasu suna biyan kuɗi su yi dariya kan gawa a cikin tarago, yana da haƙƙin ransa ya sosu, kuma ba zan ce masa bai fahimta ba.

Na daɗe ina juya wannan a zuciyata. Inda na tsaya shi ne, waɗannan mutane ba mutuwa suke zuwa kallo ba. Abin da ke jawo su shi ne ƙarshen labarin, inda ake tara kowa, a bi hujjoji ɗaya bayan ɗaya, a nuna mai laifi da yatsa, ya kasa musu, a tafi da shi kafin jirgi ya tsaya. A cikin awa uku an yi ɓarna, an yi bincike, an yi hukunci, kuma talakan da ke zaune a tebur da fensirinsa ya taka rawa a ciki. Wannan shi ne abin da iyalan da aka zalunta a ko'ina suke nema ba su samu ba. Su ma Amurkawa ba su rasa kisan da ba a gano mai yin sa ba. Sai dai wasan ba ya yiwuwa sai a wurin da mutum ya tabbata ƙarar da ya ji a tarago ta wasa ce. Jirgi ne fa mai rarrafe da dare, fitilunsa a kunne, cike da mutane sun ci ado, yana ratsa fadama da daji a gudun da yaro zai iya kama shi, kuma babu wanda ya tuna da tsoro. Kamfanin bai rubuta wannan a jikin tikiti ba, amma da babu shi da bai sayar da ko ɗaya ba.

Shi ya sa idan na ji ana cewa mu ma a farfaɗo da tsofaffin rassanmu, irin na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ko Kano zuwa Nguru, a mai da su na yawon shaƙatawa, nakan ce tunanin bai lalace ba, amma a lura da jerin abubuwa. Can ma ba da wasa aka fara ba. An fara da dokar da ta bar ƙaramin ɗan kasuwa ya mallaki reshe, da kayan da zai ɗauka ya biya albashi, da hukumar da ke auna layi ta ce wannan ya isa ɗaukar mutane wancan bai isa ba, da daren da ake iya tafiya a cikinsa. Abinci da 'yan wasa daga baya suka zo. Kuma da za a yi a nan, ai ba sai an aro gawa ba. Muna da tatsuniya da tashe da waƙa da za su cika tarago.

Wata shida cif bayan harin Kaduna, ranar 28 ga Satumba, 2022, guguwar Ian ta afka wa gaɓar Fort Myers da ƙarfin da aka jima ba a gani ba. Ta ragargaza gadojin Seminole Gulf, har da waɗanda ke kan kogin Caloosahatchee, inda jirgin cin abinci ya saba tsallakawa daidai faɗuwar rana. Birnin ya yanke daga sauran layin dogon ƙasar a daidai lokacin da ya fi buƙatar kayan gini, sai manyan motoci suka riƙa ɗauko abin da taragai suka saba kawowa. Jirgin wasan, da yake yana ɓangaren birni, ya koma aiki a kan abin da ya rage na layin, yana ɗaukar mutane yana dawo da su, ma'aikatan kicin da 'yan wasa suna samun na cefane, yayin da masu aikin gada ke kafa sababbin turaku a cikin ruwa. Sai a 2024 jirgin kaya ya sake tsallaka kogin ya shiga Fort Myers.